Jaruman Suwidin mata: abin da ƙetare ke saye da abin da gida ke riƙewa

Mutanen Suwidin ba su kai miliyan goma sha ɗaya ba, kuma in ka cire wani yanki na Finland, babu inda ake jin harshensu a matsayin harshen gida. Finafinan da suke yi a shekara 'yan gomomi ne. Amma daga 1925 zuwa yau, da wuya a sami shekara goma a jere da babu wata 'yar ƙasar a sahun gaba na jaruman duniya: Greta Garbo, Ingrid Bergman, Anita Ekberg, Bibi Andersson, Lena Olin, Alicia Vikander, Rebecca Ferguson. Bayanin da aka fi ji shi ne kyau, wai dogaye ne farare masu gashi ruwan zinare. Wannan bayanin ragwaye ne. Garbo da Vikander ba su da irin wannan gashin, kuma kyawawa sun cika Norway da Denmark. Abin da ya kamata a duba shi ne inda aka horar da su, da takardar da suka sa wa hannu, da kuma ko suna da wurin komawa ranar da kasuwar waje ta juya musu baya.

Tushen abin dandamali ne, ba kyamara ba. Sarki Gustav na Uku ya kafa makarantar koyon wasa a 1787, shekara guda bayan nan ya kafa gidan wasan kwaikwayo na sarauta da ake kira Dramaten a Stockholm. Har zuwa 1964 makarantar tana maƙale da gidan wasan. Ɗaliba tana koyon sarrafa murya da numfashi, rawa, wasan takobi, tafiya da tsayuwa, da rana; da dare kuma a cusa ta cikin 'yan rakiya a bayan manyan 'yan wasa, tana kallon yadda ake yi. Garbo ta shiga a 1922, Ingrid Bergman a 1933, Mai Zetterling da Eva Dahlbeck a shekarun 1940, Ingrid Thulin a ƙarshensu, Bibi Andersson a tsakiyar shekarun 1950. Yau horon ya koma hannun jami'o'in gwamnati a Stockholm, Malmö, Gothenburg da Luleå. Ɗaruruwa ke nema, kowace makaranta ta ɗauki goma da 'yan kai ko ƙasa da haka, bayan tantancewa hawa-hawa.

Akwai kuma batun rana. A Stockholm hasken rana yakan haura awa goma sha takwas a watan Yuni, a Disamba kuwa da ƙyar ya kai shida. Gidajen wasa suna aiki daga kaka har bazara, su rufe lokacin zafi. Don haka tsohon tsarin shi ne: hunturu a dandamali da albashin wata, lokacin zafi a gaban kyamara. Mutum ɗaya, sana'a biyu, kuma ta farkon ce ke biyan kuɗin haya.

Garbo ita ce wadda ta fita daga wannan tsari tun bai kama ta ba. An haife ta Greta Gustafsson a 1905 a unguwar talakawa ta Södermalm. Mahaifinta ya rasu tana da shekara goma sha huɗu, ta yi aikin shafa wa maza kumfar aski a shagon wanzami, sannan ta sayar da huluna a kantin PUB, inda aka fara sa ta a finafinan talla. Darakta Mauritz Stiller ya tsamo ta daga makaranta, ya ba ta babban matsayi a fim ɗinsa na 1924, kuma a lokacin ne ta koma Garbo. Da Louis B. Mayer na kamfanin MGM ya ɗauke su su biyu zuwa Amurka a 1925, ba ta jin Turanci. Hakan bai dame kowa ba, domin finafinan lokacin bebaye ne, fuska kawai ake saye. Stiller, wanda ake ganin shi ne babba, ya kasa jituwa da kamfanin, aka cire shi daga fim ɗinta na biyu, ya koma gida ya rasu a 1928.

Kwantiragin Hollywood na wancan zamani yana buƙatar bayani, don shi ne igiyar. Shekara bakwai ake rubutawa, amma kamfani ne kaɗai ke da ikon sabuntawa ko sallama duk bayan wata shida ko shekara. Jaruma ba ta zaɓen labari. In ta ƙi wani fim, a dakatar da ita ba albashi, sannan a ƙara watannin dakatarwar a ƙarshen kwantiragin, har sai da jaruma Olivia de Havilland ta karya wannan dabara a kotun California a 1944. Kamfani na iya ba da aron jarumarsa ga wani kamfani da tsada, ya biya ta albashinta na kullum, ya soke rarar a aljihu. Garbo ta gane tun da wuri cewa makaminta ɗaya ne: ta zauna a gida ta ce za ta koma Suwidin. Ta yi hakan na tsawon watanni bayan nasarar da ta samu a 1926, har aka ninka mata albashi sau da yawa. Zuwa 1932 tana da bakin magana kan labari da abokin fitowa, shi ya sa a *Queen Christina* na 1933 ta ƙi Laurence Olivier ta dage sai John Gilbert.

Zuwan sauti a 1927 ya kashe sana'ar baƙi da dama, waɗanda harshensu ya tona musu asiri. MGM ta yi ta jan ƙafa da Garbo, har fim ɗin bebe na ƙarshe da kamfanin ya yi a 1929 nata ne. Da za a ji muryarta a 1930, sai aka zaɓi *Anna Christie*, labarin 'yar wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Suwidin, yadda karin harshenta zai zama ɓangaren labarin ba aibu ba. Wannan dabarar ta zama hanya ga duk waɗanda suka biyo baya: a ba baƙuwa matsayin baƙuwa, 'yar Rasha, 'yar Faransa, 'yar Norway, duk wadda mai kallo ba zai tambayi dalilin lafazinta ba.

Abin da ya kawo ƙarshenta lissafi ne fiye da son kaɗaici. Finafinanta sun fi kawo kuɗi daga Turai a kan Amurka. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe wannan kasuwa. Kamfanin ya yi ƙoƙarin mayar da ita 'yar barkwanci irin ta Amurka a *Two-Faced Woman* na 1941, masu sharhi suka yi kaca-kaca da shi, ƙungiyar tace finafinai ta cocin Katolika ta yi tir da shi. Shekarunta talatin da shida. A 1949 ta yarda ta dawo, har aka ɗauki gwajin fuskarta, sai kuɗin fim ɗin ya ƙi haɗuwa. Lars Hanson, abokin fitowarta tun daga Suwidin, ya koma Dramaten da zuwan sauti ya ci gaba da wasa har tsufa. Ita ba ta da wannan ƙofar, don rabonta da dandamali tun tana ɗaliba. Ta yi kusan shekara hamsin ba ta sake fitowa ba, galibinsu a New York, ta rasu a 1990. Kuɗinta dai ta iya riƙe su. Hotonta ne a kan takardar kurona ɗari ta Suwidin yanzu.

Ingrid Bergman ta bar makarantar Dramaten bayan shekara ɗaya tak, malamai na ganin ta yi wauta. Marainiya ce, uwa ta rasu tana ƙarama ƙwarai, uba mai ɗaukar hoto ya bi tana da shekara goma sha uku. Mai shirya finafinai na Hollywood David O. Selznick ya ga *Intermezzo* na 1936 ya kawo ta don a sake shi da Turanci a 1939. Ta ƙi a canza mata suna, ta ƙi a tsige mata gira ko a taɓa mata haƙora. Selznick ɗan kasuwa ne, sai ya mayar da ƙin nata talla: ga mace ta Allah da Annabi, ba kwalliya, matar aure mai 'ya ɗaya. Ya yi ta ba da aronta, ciki har da *Casablanca* na 1942 da *Gaslight* na 1944 wanda ya ba ta Oscar ta farko. Ta fito a matsayin 'yar zuhudun coci a 1945, ta fito a matsayin waliyyiyar Faransa Joan a 1948.

Wannan hoton tsarkin shi ya zame mata tarko. Ta rubuta wa daraktan Italiya Roberto Rossellini wasiƙa tana son aiki da shi, ta tafi ɗaukar *Stromboli* a 1949, ta sami ciki alhali da auren Petter Lindström a kanta, ta haihu a Fabrairun 1950. A watan Maris Sanata Edwin Johnson na jihar Colorado ya miƙe a zauren majalisar dattawan Amurka ya yi mata wankin babban bargo. Rossellini ma yana da aure, amma ba sana'arsa ce ta tsaya ba. Ta yi shekaru ba ta ga 'yarta Pia ba. Jaridun Suwidin ma ba su raga mata ba.

Abin da ya cece ta abu biyu ne da Garbo ba ta da su. Na farko harsuna: ta yi wasa da harshen Suwidin, Jamusanci, Turanci, Italiyanci da Faransanci, don haka rufe ƙofa ɗaya bai hana ta cin abinci ba. Na biyu, ba ta taɓa sakin dandamali ba ko da tana kan ganiyarta. Ta yi wasa a dandamalin Broadway na New York a 1940 da 1946, na biyun ya ba ta kyautar Tony ta wasan dandamali, kuma a 1956 tana wasa da Faransanci a Paris. A shekarar ce *Anastasia* ya fito ya kawo mata Oscar ta biyu, Cary Grant ya karɓar mata. Ta uku ta zo da wani fim na 1974. A 1972 wani sanatan, Charles Percy, ya sa neman afuwa a kundin majalisar. Ta yi aiki da ciwon dajin mama a jikinta har 1982, ta rasu a London ranar da ta cika shekara 67.

Ba Hollywood kaɗai ke saye ba a shekarun 1930. Berlin ma na saye, kuma kuɗinta na da dafi. Bergman ta yi fim ɗaya a kamfanin UFA na Jamus a 1938 ta fice. Zarah Leander, 'yar Karlstad mai kakkaurar murya kamar ta namiji, ta sa hannu a 1936 ta zauna har 1943, ta zama babbar tauraruwar Jamus ta Hitler. Ta yi wayon cewa a riƙa biyan ta wani kaso da kuɗin Suwidin, ta sayi gandun Lönö kusa da Norrköping. Da ta dawo, gidajen wasa suka ƙaurace mata, sai a 1949 ta sake hawa dandamali a ƙasarta. Kristina Söderbaum ta fi ta nutsewa: ta auri darakta Veit Harlan ta fito a *Jud Süß* na 1940, fim ɗin cusa ƙiyayyar Yahudawa, kuma wannan tabon bai bar ta ba har mutuwarta a 2001.

Waɗanda suka zauna gida labarinsu ya ratsa ta hannun mutum ɗaya, Ingmar Bergman, wanda ba shi da dangantaka da Ingrid sai suna. Daga 1952 zuwa 1958 yana darakta a gidan wasan birnin Malmö, kuma a can ya tara rukuninsa: Harriet Andersson, Bibi Andersson, Ingrid Thulin, Gunnel Lindblom. Duk hunturu suna atisaye tare, makonni a kan wasa ɗaya, lokacin zafi su tafi ɗaukar fim da ƙaramin kuɗi da ma'aikata kaɗan. Amfanin wannan a fili yake a majigi. Marubucin ya san wadda yake rubuta wa matsayin, ya san inda muryarta ke karyewa. Jarumar kuma ta saba riƙe dogon zance ba yankewa, shi ya sa za a iya kafa kyamara dab da fuskarta a bar ta tana gudu. A *Persona* na 1966 Bibi Andersson ce ke magana kusan fim ɗin gaba ɗaya, abokiyar fitowarta ta yi shiru. Abokiyar ita ce Liv Ullmann, wadda mutane da yawa ke lissafawa cikin 'yan Suwidin alhali 'yar Norway ce. A bikin Cannes na 1958 mata huɗu na fim ɗinsa *Nära livet* suka raba kyautar jaruma: Bibi Andersson, Thulin, Eva Dahlbeck da Barbro Hiort af Ornäs.

Sai dai tsarin na da nasa farashin. Mutumin da ke rabon matsayi a fim shi ne ke rabon na dandamali, daga 1963 zuwa 1966 ma shi ne shugaban Dramaten. Ya yi soyayya da Harriet Andersson, da Bibi Andersson, da Ullmann, ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar da masu ba da aiki ba su cika tafin hannu ba, ɓatawa da mutum irin wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba mamaki da dama cikinsu suka nemi kujerar da ke bayan kyamara. Mai Zetterling, wadda ta gaji da matsayin kyakkyawar baƙuwa a Ingila, ta fara da gajeren fim da ya ci kyauta a Venice a 1963, sannan a 1968 ta yi *Flickorna* da Bibi, Harriet da Lindblom, labarin 'yan wasa mata uku da ke yawon nuna wasa ba mai sauraron abin da suke faɗa. Masu sharhin gida, galibinsu maza, suka yi masa rubdugu, ta daɗe ba ta sake samun kuɗin babban fim a Suwidin ba. Lindblom ta ba da umarnin nata fim ɗin a 1977. Dahlbeck ta ajiye wasan ta koma rubuta littattafai.

Thulin ta gwada Hollywood, kuma abin da ya same ta darasi ne kan murya. A *The Four Horsemen of the Apocalypse* na 1962 kamfanin MGM ya ga Turancinta bai yi masa ba, ya goge muryarta ya ɗora ta Angela Lansbury, kamar yadda ake ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya. Ga jarumar da aka horar a kan furuci da numfashi, an cire rabin aikinta ke nan. Shekara biyu bayan haka ita ce ta fara karɓar Guldbagge, babbar kyautar fim ta Suwidin, a matsayin jarumar shekara.

A daidai wannan lokaci wata kasuwar ta buɗe, ta jiki. *Hon dansade en sommar* na 1951, inda Ulla Jacobsson ta yi wanka tsirara a tafki na ɗan lokaci, ya ci babbar kyautar Berlin ya kuma haifar da zancen "zunubin Suwidin" a jaridun waje. Fim ɗin da ya fito da Harriet Andersson a 1953, labarin yarinyar talakawa da ta gudu da saurayi ta dawo da ciki, wani ɗan kasuwar Amurka ya saye shi ya datse shi zuwa kimanin awa ɗaya, ya sayar da shi a matsayin fim ɗin batsa. Hukumar kwastan ta Amurka ta kama fim ɗin Lena Nyman na 1967, shari'ar ta ƙara masa kasuwa. Andersson da Nyman ba su ji jiki sosai ba, don a gida an san su da aiki, kuma Nyman ta yi shekaru a Dramaten. Waɗanda suka shiga ta ƙofar sarauniyar kyau ko tallan kaya su ne abin ya fi ci. Anita Ekberg ta tafi Amurka bayan ta zama sarauniyar kyau ta Suwidin a 1951, ba tare da horon wasa ba. Daraktan Italiya Fellini ya sa ta cikin ruwan maɓuɓɓugar Trevi ta birnin Rum a fim ɗinsa na 1960, duniya ta haddace hoton, kuma kusan duk abin da aka ba ta daga baya maimaicin hoton ne. A 2011 aka ji tana neman taimakon kuɗi, ta rasu a Italiya a 2015. Britt Ekland da Maud Adams sun haɗu a fim ɗin James Bond na 1974, kuma har yau da shi ake gabatar da su. Harriet Andersson kuwa tana fitowa a fim ɗin daraktan Denmark Lars von Trier a 2003, shekara hamsin bayan fara tashenta, Lindblom ma tana aiki a 2009 tana dab da tamanin.

Dalilin da gida ke iya riƙe mutum haka kuɗin hukuma ne. A 1963 Harry Schein, mijin Thulin, ya tsara yarjejeniyar da ta kafa Cibiyar Fim ta Suwidin: gidajen silima su ba da kashi goma cikin ɗari na kuɗin tikiti, a zuba a yin finafinan gida. An bi wannan hanya har ƙarshen 2016, daga 2017 gwamnati ta ɗauki nauyin kai tsaye. Gidajen wasa na birane da larduna ma da tallafi suke rayuwa. Amma guraben dindindin sun ragu, yawancin 'yan wasa yanzu aikin wucin gadi suke yi, wata uku a nan, kwana goma a can. Don toshe wannan rami aka kafa Teateralliansen a 1999. Tana ɗaukar ɗan wasan da ya tara shekarun aiki a matsayin ma'aikacinta, ta biya shi albashi lokacin da ba shi da aiki, in ya sami kwantiragi ya ɗauki hutu ya je ya dawo. Gurabenta kaɗan ne kuma shekarun aiki ake dubawa, don haka sabuwar shiga ba ta cikin lissafi, ita ce kuwa ta fi rauni.

Raunin ya fito fili a Nuwamban 2017, lokacin da 'yan wasa mata 456 suka sa hannu a wata takarda a jaridar Svenska Dagbladet, suna ba da labaran cin zarafi daga daraktoci da manyan jarumai maza. Cikin kwanaki adadin ya haura ɗari bakwai. Dabararsu ita ce ba a ambaci sunan kowa ba kuma ba a ce labarin wance ne ba, kowace ta karanta na wata a kan dandamali, yadda ba za a iya ware mutum ɗaya a hana ta aiki ba. Wannan ya faru ne a ƙasar da shugabar cibiyar fim ta lokacin, Anna Serner, ta riga ta yi shekaru tana matsa a raba kuɗin tallafi daidai tsakanin daraktoci maza da mata.

'Yan yanzu sun tarar da katangar harshe ta faɗi. Talabijin ɗin Suwidin ba ya ɗora murya a kan finafinan waje na manya, rubutu yake sa wa a ƙasa, don haka yaro na tashi da Turanci a kunnensa. Rebecca Ferguson ma mahaifiyarta 'yar Ingila ce. Hanyar shiga ita ma ta sauya. Ferguson ta fara da wasan talabijin mai dogon zango a 1999, ta yi shekaru ba a jin ɗuriyarta, sai wani shirin BBC na 2013 ya kai ta *Mission: Impossible* a 2015. Alicia Vikander 'yar rawar bale ce da makarantar wasa ta ƙi ɗauka har sau biyu. Darakta Lisa Langseth ta ba ta babban matsayi na farko, ta koyi harshen Denmark don wani fim na 2012, ta ɗauki Oscar a 2016. Noomi Rapace ta huda fuskarta da gaske ta kuma koyi tuƙa babur don matsayin Lisbeth Salander a 2009, amma da Amurkawa suka sake fim ɗin da Turanci a 2011, Rooney Mara suka ba. Kwantiragin shekara bakwai ya mutu, sai dai manyan kamfanoni na ɗaure jaruma da sharaɗin fitowa a kashi na biyu da na uku in sun ga dama, kuma shirye-shiryen intanet masu zango-zango na cinye watannin da dandamali ke buƙata. Lena Olin da Pernilla August, waɗanda suka tashi a hannun Ingmar Bergman a Dramaten, sun iya tafiya su dawo: August ta fito a matsayin mahaifiyar Anakin a *Star Wars* na 1999, sannan ta koma gida ta ba da umarnin *Svinalängorna* a 2010 da Rapace a gaba. Vikander da Ferguson ba su taɓa zama cikin rukunin wani gidan wasa na Suwidin ba. Vikander ta kafa kamfaninta na shirya fim a 2016, fim ɗin farko da ya fitar kuma na Langseth ne. Ferguson tana cikin masu shirya *Silo*, shirin da ta fara fitowa a matsayin babbar jarumarsa a 2023.